Ƙarfe Na Koyon Hausa

Kalla mai gyaran kabu-kabu ya shigo bayan la'asar,
baƙin mai har gwiwar hannu,
ya ajiye jika uku kan teburina.
"Talla nake so a rediyo,
amma kar a ji ni kamar ni.
Sa mini muryar ƙarfe."

Ɗakina a Zango yake, taku huɗu da uku,
bango liƙe da kwalin ƙwai,
fanka a kashe don kar ta sa baki.
Ya tsaya gaban makirfo kamar mai ba da shaida:
"Garejin Kalla, bayan Kasuwar Dole.
Muna karɓar baƙi, ba mu ɓata lokaci.
In injinka na kuka, tsaya nan."

Na zuba muryarsa cikin bokoda.
Ita manhajar nan rariya ce,
tana tankaɗe magana ƙofa-ƙofa,
ta ɗora garin kan amon piyano,
tsakin kuwa ta watsar.

Ƙofa takwas na fara ba ta.
Ta ce: muna karbar baki, ba mu bata lokaci.
Kalla ya waiwayo.
"Bakin wa zan karɓa?"

Wanda ya ƙera kunnen nan
bai taɓa cin kasuwa a Damagaram ba.
Ɗan tsinkewar da maƙogwaro ke yi kafin ƙa,
haɗiyar iskar da ke haifar ɓa,
duk a wurinsa tsaki ne.

Na ƙara ƙofofi. Sha shida.
Talatin da biyu.
Na matse saurin kamu daga ashirin zuwa huɗu,
lissafin da ya fi ƙiftawar ido gajarta,
sai ƙa ta leƙo, tana jin kunya.
Saurin saki ne ya wahal da ni:
in na sassauta, kalmomi su dame kamar kunu,
in na ɗaure, murya ta kama makyarkyata.

"Kabureta ce," in ji Kalla,
ya jawo kujera kusa.
"Iska ta yi yawa. Rage kaɗan.
A'a, ka wuce. Koma rabin haka."
Ban musa ba.
Mutumin da ke gane ciwon buji daga tsallaken titi
ya fi ni kunne.

Tsaya ta fito aya.
Sa da sha da tsa ba su da amo, huci ne kawai,
sai da na buɗe musu tasu hanyar.
Na sauke shingen shiru don kar a datse jelar lokaci,
sai ga mai kurar ruwa daga waje
ya faɗo ciki da jarkokinsa ashirin,
kowace ta samu murya.
Muka yi dariya. Na ɗaga shingen, gashi ɗaya.

Saura kuka.
Babu maɓallin da ke gyara wannan.
Na'ura ba ta san hawa da sauka ba,
sai inda yatsa ya ajiye ta.
Na danna sama, na sauko,
ta ce injinka ya zama miya.
Na riƙe sama, na riƙe,
sannan injin ya yi kuka.
Haka na bi tallar gaɓa-gaɓa da yatsu biyu,
kamar mai koya wa baƙo gaisuwa.

Ana kiran magariba wuta ta ɗauke.
Ban adana ba.

Cikin duhu na ji yana lalube aljihu.
Ya haska tocilan waya kan tafin hannunsa:
32, 4, 60,
da biro, tsakanin zanen baƙin mai.
"Sana'a ce," ya ce.
"Ba a kwance inji ba a ƙirga noti ba."